Majanyin Inna da Kwana Goma Sha Ɗayan da Na Lissafa

Damagaram zuwa Agadas

Na bar gidanmu na unguwar Birni a Damagaram ran Talata, ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ladan bai gama kiran farko ba. Shekarun nan ne da Libiya ta buɗe ƙofa, rediyo na ta shelar cewa Afirka gida ɗaya ce, duk mai ƙarfi a jika ya nufi arewa. Yayana Isuhu yana cikinsu, shekararsa uku yana aikin gonar dabino a Samnu, kusa da Sabha. Mako biyu kafin tafiyata wani ɗan kasuwa ya kawo mana kaset. Muryar ciki ba ta Yaya ba ce, ta wani Bakano ce, Alhaji Ɗanjuma. Ya ce Isuhu ya faɗo daga bishiyar dabino ya bugu a ka, ciwon ya warke, amma farfaɗiya ta kama shi, mai gona ya sallame shi. A zo a tafi da shi.

Ni aikina awon ruwan sama da iska, abin da muke kira meteyo. Shekara goma sha huɗu ina rubuta lambobi safe da yamma, har na zama irin mutumin da in abu bai shiga layi a takarda ba, ba ya yarda da shi. Ku riƙe wannan, don shi ne ya ci ni.

Inna ta rako ni bakin zaure da fitila. Ta miƙo min wani tsohon saƙi mai ratsin baƙi da fari, a naɗe.

"Ungo majanyina. Da shi na goye yayanka, da shi na goye ka. An ce motocin can a saman kaya ake zama. Duk inda kuka hau, ka ɗaure min shi."

"Haba Inna, ƙaton mutum mai gemu?"

"Ban tambaye ka gemunsa ba. Ka kawo min shi da ransa."

Motar da aka ce ƙarfe biyar sai shida da kwata ta ɗaga. Tanut ƙarfe goma, muka sha fura a tsaye. Agadas bayan la'asar, tafiyar kilomita ɗari huɗu da wani abu. Kwana uku na yi a wani gida kusa da tasha, a kan tabarma, ina jiran kamyo, babbar motar kaya, ya cika.

Agadas zuwa Sabha

Wanda bai ga kamyon hamada ba, bai ga ganganci ba. Ana loda buhuna har su ninka tsawon motar, a rataye jarkokin ruwa a gefe, sannan a ce mutane su hau can ƙoli. Kowa ya soke sanda tsakanin buhuna ya rungume ta, ƙafafu na reto a iska. Direbanmu Barka, mutumin Tubawa ne, Hausarsa guntu-guntu.

"Kai barci, kai faɗi. Kai faɗi, mota ba tsaya da sauri. Ka ji?"

Na ji. Na kuma gani, don a rana ta uku wani ya yi gyangyaɗi, da ƙyar aka cafko wuyan rigarsa. Dirku muka kwana biyu ana gyaran taya, ruwan wurin mai gishiri-gishiri. Daga nan Sigidin, Madama, Tummo. Abinci gari da ƙuli da dabino. A shingen farko na Libiya, wanda suke kira bawwaba, akwai ƙaton allo da taswirar Afirka da hannaye biyu suna gaisawa. A ƙarƙashin allon nan aka durƙusar da mu cikin rana awa uku ana juya takardunmu. Wani soja ya kira mu da wata kalma, na tambayi na kusa da ni ma'anarta, ya ce in bar ta kawai. Gatrun muka ga kwalta, muka canza zuwa ƙaramar mota. Na shiga Sabha rana ta tara da hantsi, na kuma rubuta a ɗan littafina: Agadas zuwa Sabha, kwana tara.

Mahdiya

Shagon Alhaji Ɗanjuma na kayan gyaran mota ne a unguwar Mahdiya, tsakanin masu walda da wani mai gasa burodi. Mutum ne mai fara'a, da surutu kamar rediyo. Ya kai ni ɗakin bayan shago.

Wallahi da farko ban gane Yaya ba. Mutumin da yake ɗaga buhun gero da hannu ɗaya ya koma kamar sanda. Harshensa duk cizo, a damtsensa ga tabon ƙuna, wai a kan murhun shayi farfaɗiyar ta kayar da shi.

"Lawali, kai suka turo? Ba su sami babba ba?"

"Inna ce ta turo ni, Yaya."

"To zauna. Kada ka sha da wancan kofin, nawa ne. Tsoronsa ake yi."

Mutum bakwai ne a ɗakin, 'yan ƙasarmu, Musulmi, masu salla a sahu ɗaya da shi, amma sun ware masa kofi da kwano, wai yawun mai farfaɗiya na ɗaukar mutum. Na ɗauki kofin na cika shi da ruwa na shanye a gabansu. Aka ci gaba da cin makaroni da kifin gwangwani.

Samnu

Ran Asabar na shiga motar kayan lambu zuwa Samnu, tafiyar awa ɗaya, don in karɓo jakarsa. Gari ne mai kore a tsakiyar rairayi, injinan ban ruwa na ta ƙara. Mai gonar bai ko miƙo min hannu ba. "Shugul halas," in ji shi, wato aiki ya ƙare, ya nuna min jakar a gindin rumfa inda rana da akuya suka gama da ita. Shekara uku Yaya na hawa masa dabino yana yi musu barbara da hannu, ko ruwa mutumin nan bai ce in sha ba. Tir!

Abokan aikinsa ne suka zaunar da ni suka dafa shayi. Na fito da littafi na ce su tuna min ranakun da farfaɗiyar ta kayar da shi. Ɗaya ya ce ran Juma'ar da injin ya mutu, wani ya ce kwana biyu bayan an kawo taki. Da haka da haka na tsamo ranaku biyar. A makonnin da muka yi a Mahdiya muna jiran layin asibiti ta sake kayar da shi sau uku a gabana, na rubuta har da minti. Da na jera su sai murna ta kama ni: tazarar kwana goma sha uku, sha biyu, sha huɗu, sha ɗaya, sha biyu, sha uku, sha biyu. Ba ta taɓa dawowa ƙasa da kwana goma sha ɗaya ba. Hamada kuma kwana tara ce. Na ce shi ke nan, na kama ta. Mu jira ta kayar da shi, washegari mu tashi, kafin ta waiwayo muna Agadas.

Asibiti

Mako biyar muka yi kafin a kira mu, ran Laraba ƙarfe tara. Likitan ƙwaƙwalwar ɗan Sudan ne, Likita Usman, dogo mai furfura. Da ya ji muna magana sai ya yi dariya ya ce, "Sannunku da zuwa, 'yan uwa." Ashe kakarsa Bahaushiya ce, cikin mahajjatan ƙafa da suka zauna a hanya. Hausarsa irin ta tsofaffi, yana cusa Larabci inda ta ƙare masa.

Ya manna wa Yaya wayoyi a fatar kai, kusan ashirin. Wata na'ura mai allurai ta shiga zana layuka a doguwar takarda. Ya kawo fitila mai walƙiya ya kunna a fuskarsa, ya kashe, ya jira, ya sake kunnawa daidai irin na farko. Sai ya yago takardar ya shimfiɗa min.

"Duba. Haske ɗaya, sauri ɗaya, mutum ɗaya. Amsar iri ɗaya ce?"

Ba iri ɗaya ba ce. Farkon layukan sun yi kama, daga nan kowanne ya kama gabansa.

Ni kuwa ɗoki ya hana ni saurare. Na buɗe littafina na nuna masa lissafi da shirin tafiya, ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in biyo shi. Akwai famfo a kusurwar ɗakin. Ya murɗa shi kaɗan, ruwa ya fara ɗiga, ɗis, ɗis, ɗis.

"Ƙirga. Za ka iya faɗa min lokacin na gaba?"

"Sosai ma."

Ya taɓa kan famfon, taɓawar da ko idona bai ga ya motsa ba. Sai ɗigon ya rikice: biyu a jere, shiru, ɗaya, uku, shiru.

"Yanzu fa? Famfo ɗaya ne, ruwa ɗaya. Ba aljani ya shige shi ba, akwai ƙa'idar da yake bi. Amma kowane ɗigo ya dogara ga yadda na bayansa ya bar bakin famfon, kuma ɗan bambancin da ba ka gani shi ne yake girma. Ƙwayoyin jijiya na cikin kai haka suke. Kowace tana tara caji har ya kai mata wuya, ta harba, ta huta. In saƙo ya same ta ta gama hutawa, ta amsa. In ya riga da ƙiftawar ido, ta yi shiru, ko ta amsa a makare, ta rikita na kusa da ita. Ga su ba sa ƙirguwa, kowace na taɓa dubbai. Wurin da yayanka ya bugu, ƙwayoyin sun zama masu saurin fushi. Yaushe za su tashi gaba ɗaya? Ni da na'urata ba mu sani ba."

"Amma Likita, sau bakwai a jere..."

"Me ka ce aikinka?"

"Awon ruwan sama."

"To faɗa min, nan da kwana goma sha biyu za a yi ruwa a Damagaram?"

"Na san watan da ake ruwa."

"Wata ka sani, ba rana ba. Littafinka ya faɗi abin da ya wuce, a ɗaki ɗaya, da barci ɗaya, da abinci ɗaya. Ka ɗora shi a kan mota cikin rana, ba barci, ba ruwa, ga sabon magani a jikinsa, ka taɓa kan famfon ke nan. Ba shi ƙwayar nan safe da yamma. Kada ya hau bisa, kada ya matsa kusa da wuta ko rijiya. In dole sai motar nan, a ɗaure shi kowace rana. Kowace rana, ka ji ni?"

Na ce na ji. A zuciyata kuwa cewa na yi, likitoci da tsoratarwa, mutum bai taɓa riƙe ma'auni ba zai koya min lissafi. Allah ya isa tsakanina da wannan girman kai nawa.

Komowa: Sabha zuwa Madama

Farfaɗiyar ta kayar da shi ran Asabar da safe, ƙarfe bakwai da minti goma, kwana goma sha biyu cif bayan ta baya. Na ƙara samun ƙarfin gwiwa. Alhaji Ɗanjuma ya ji labarin kamyon Barka na lodi a Gatrun, ran Lahadi ya sa mu a mota da guzurin burodi da dabino da suga. "Malam Lawali, ka dai bi maganar likita," in ji shi. Na ce kada ya damu.

Litinin da hantsi muka hau. Lodin komowa ya fi na zuwa tsawo: katifu, kekuna, buhunan makaroni, akwatunan rediyo. Na nemi a sa Yaya a gaba, Barka ya ce mata biyu masu ciki sun riga mu. Muka hau ƙoli. Na fito da majanyi na zagaya ƙugunsa, na ƙulle a igiyar da ta ɗaure kayan. Sai ya kau da kai.

Akwai wani mutumin Tasawa a kusa da mu, mai bakin tsiya, ya dawo da rediyo da tabarau yana jin kansa. Tun ranar farko ya gane abin da na ɗaura.

"Jama'a, ku zo ku ga jariri mai gemu! Malam, in ya yi kuka wa zai ba shi nono?"

Aka kwashe da dariya. Na zage shi, ya ƙara. Kullum da sabon salo: a yi wa jariri wasa, a rufe jariri kada rana ta taɓa shi. In an tsaya salla sai na kwance Yaya a gaban kowa, in an tashi in sake ɗaure shi, ni ƙaninsa da ya riƙa yanke wa farce ina yaro. Talata Tummo, Laraba muka wuni a shinge, Alhamis Madama. Kwana huɗun nan bai yi barcin kirki ba, abinci sai na matsa masa. Ƙwayar dai ban taɓa fashin ba shi ba.

Juma'a, tsakanin Madama da Sigidin

Da muka idar da sallar asuba ya fito da farar rigarsa daga jaka ya sa, wadda ya ɗinka don ranar komawa gida. Muka hau. Na ciro majanyi, sai ya riƙe hannuna.

"Lawali, yau Juma'a. Bar ni in zauna kamar mutane, yau kaɗai."

"Yaya, Inna ta ce..."

"Inna ba ta nan. Shekara uku ana kirana da sunan da ka ji a bawwaba, na haƙura. Aka ware min kofi, na haƙura. Yanzu a gaban 'yan ƙasarmu ma sai ƙanena ya ɗaure ni kamar ragon layya? Kai ne mai littafi. Duba ka faɗa min, yau kwana nawa?"

Na buɗe. Ban ma buƙaci buɗewa ba.

"Shida."

"Saura nawa?"

"Biyar, aƙalla."

"To?"

Maganar likita ta zo min, da famfonsa, har ɗigon nake ji a kunnena. Sai na dubi lambobina a jere, tsaf, da rubutun hannuna. Na naɗe majanyin na tura shi cikin jakata. Yaya ya yi murmushi, rabona da ganin haƙoransa tun Damagaram. Ya gyara zama ya rungumi sandarsa, har ya miƙa wa mutumin Tasawa dabino.

Ƙarfe goma da minti arba'in, muna gangara wani wuri mai duwatsu, yana ba ni labarin rijiyar da zai haƙa a gonarmu. Sai ya yi shiru a tsakiyar magana. Na juya na ga idonsa ya kafe, hannayensa sun saki sandar sun sandare. Na kai hannu, yatsuna suka taɓa farar rigar, ta zame. Muka yi ta ihu muna dukan motar, amma kamyo mai wannan lodi a gangare ba ya tsayawa nan take. Da na dira na ruga baya, na same shi a kan dutse, jini na fita ta kunnensa.

Bai sake magana ba. Muka kafa masa inuwa da bargo. Ya cika kafin la'asar, kansa a cinyata.

Barka ya ciro farantan ƙarfe da ake sa wa taya in ta nutse a rairayi, da su aka haƙa kabari. Wani dattijo ya kwance farin rawaninsa aka yi likkafani. Mutumin Tasawa ya fi kowa haƙa, yana kuka kamar mace ta rasa ɗa, ya zo ya durƙusa yana neman gafarata.  Me zan ce masa? Shi baki kawai ya yi, hannun da ya naɗe majanyin nawa ne. Muka jera duwatsu a kai, ƙarfe biyar da rabi Barka ya tayar da mota.

Dirku, Agadas, gida

Sauran hanyar ba ni da abin faɗa a kanta. Dirku kwana ɗaya. Agadas ran Laraba da azahar, kwana goma sha ɗaya cif da faɗuwarsa ta Mahdiya, ranar da lissafina ya ce in fara tsoro. Na zauna a tasha na yayyaga littafin shafi-shafi na cusa a murhun mai shayi, yana kallona kamar mahaukaci. Na aika saƙo gida ta wayar wani ɗan kasuwa don kada Inna ta gan ni ni kaɗai ba shiri. Na iso Damagaram ran Juma'a ƙarfe biyar na yamma, na tarar da tabarmi a ƙofar gida.

Ina godiya ga Allah da ya nufa na dawo. Ina gode wa Alhaji Ɗanjuma da ya riƙe Yaya lokacin da kowa ke gudun kofinsa, da Barka da fasinjojin da suka tsaya awa bakwai cikin rana ba wanda ya yi ƙorafi, da dattijon da ya shiga Dirku kai ba rawani. Likita Usman kuma, in wannan ya isa gare shi, ya sani ya faɗa min gaskiya da Hausar kakarsa, ni ne na yi kunnen ƙashi.

Masu gaisuwa kowa cewa yake kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Amma bayan sadakar uku, da mutane suka watse, na shiga ɗakin Inna da hantsi na ajiye mata jakar Yaya, na ɗora majanyin a kai. Ta ɗauka ta warware shi, ta bi shi da yatsa daga wannan baki zuwa wancan, tana neman inda ya yage. Babu. Ta sake bi. Lafiyarsa ƙalau.

"Lawali, saƙin nan bai tsinke ba."

"Bai tsinke ba, Inna."

"Kullin ne ya kwance?"

Da na ce e, da ta yarda, da kuma ba wanda zai taɓa ƙaryata ni.

"A jakata yake lokacin, Inna. Ni na cire. Na lissafa, na ga da sauran kwana biyar."

Ta daɗe tana kallona, ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta naɗe majanyin a hankali ta tura ƙarƙashin matashinta.

"Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba," in ji ta. "Abu ɗaya na ce ka yi."